Katin Kyauta: Dabarun Bayarwa da Amfani da Shi Ba Tare da Asara Ba

A duk ƙarshen shekara, da kuma gabanin azumi da bukukuwan Sallah, kamfanoni da manyan 'yan kasuwa a Legas, Abuja, Fatakwal da sauran biranen Nijeriya kan fuskanci tambaya guda: me za a bai wa ma'aikata, dillalai da abokan ciniki domin nuna godiya? Shekaru da dama amsar ba ta wuce buhun shinkafa, jarkar mai, turmin atamfa ko kwandon kayan gwangwani ba. A 'yan shekarun nan kuwa wata amsa ta daban ta soma samun gindin zama, watau katin kyauta, wanda matasan birni suka fi sani da sunan gif kad.

Katin kyauta shaida ce ta cewa an riga an biya wani kanti ko kamfani wasu kuɗi, kuma duk wanda ya gabatar da shaidar zai karɓi kaya ko aiki daidai da kuɗin. Yakan zo a matsayin katin roba, ko takarda, ko kuma lambobin sirri kawai da ake aikawa ta wayar hannu. A idon mai bayarwa kyauta ce. A littafin akanta kuwa bashi ne da mai katin yake bin kantin, bashin da babu kuɗin ruwa a kansa, babu kuma jingina. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci duk abin da ya shafi katin: darajarsa ba ta tabbata sai ranar da aka karɓi kaya da shi. Saboda haka duk wata dabara ta bayarwa ko ta amfani da shi, ma'auninta shi ne ko ta sa an kashe katin da wuri, gaba ɗayansa, a kan abin da ake bukata.

Asalin katin

Tunanin ya girmi katin roba. A Ingila, wani mai buga littattafai da ake kira Harold Raymond ya lura cewa mutane na gudun ba da littafi kyauta don tsoron kada su zaɓi wanda ba a so. Shawararsa ce ta haifar da takardun sayen littafi da aka fara sayarwa a 1932, waɗanda ake kai wa kantunan littattafai daban daban a karɓi abin da rai ke so. A Amurka ma manyan kantuna sun daɗe suna sayar da takardun kyauta da ake rubutawa da hannu.

Katin roba mai ɗauke da kuɗi ya bayyana ne a Amurka a tsakiyar shekarun 1990. Kantin Neiman Marcus ya fara sayar da shi a 1994, amma kamfanin hayar finafinai na Blockbuster ne ya baza shi a fili a shagunansa daga 1995, bayan da masu jabu suka addabi takardunsa na kyauta ta hanyar amfani da injunan buga takarda masu launi. Kamfanin sayar da kofi na Starbucks ya fito da nasa a 2001, wanda daga bisani ya zama abin da abokan cinikinsa ke zuba wa kuɗi a kai a kai domin amfanin kansu. Daga nan katin ya mamaye kasuwa, har ƙungiyar masu kantuna ta Amurka ta riƙa samunsa a sahun farko na kyautar da mutane suka fi so a ba su lokacin Kirsimeti, shekaru da dama a jere.

A Nijeriya, jama'a sun san wannan tsari tun kafin su san sunansa. Tun da wayar tafi-da-gidanka ta fara aiki a watan Agustan 2001, katin waya ya zama kyautar da ɗa ke aika wa mahaifiyarsa a ƙauye, da wadda maigida ke bai wa yaron shagonsa. Ana kankare katin, a tura lambobin, shi ke nan kyauta ta isa. Kantunan intanet irin su Jumia, wanda aka kafa a 2012, da kamfanoni irin su SureGifts da ya fara aiki a Legas a 2014, sun faɗaɗa tsarin ne kawai zuwa sauran kayan masarufi.

Ya kamata a bambance iri biyu. Akwai katin kanti guda, wanda ba ya aiki sai a shagunan kamfanin da ya fitar da shi. Akwai kuma katin da ke ɗauke da tambarin Visa ko Mastercard, wanda ake karɓa a wurare da yawa, amma galibi ana biyan ladan saye a kansa. Na farko ya fi araha, na biyu ya fi 'yanci.

Me ya sa ba a ba da tsabar kuɗi kawai ba?

A 1993 wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Yale, Joel Waldfogel, ya buga wani bincike da ya yi suna game da kyaututtukan Kirsimeti. Ya tambayi ɗalibai nawa aka kashe wajen sayen kyautar da aka ba su, kuma nawa su da kansu za su yarda su biya a kanta. Ya ƙiyasta cewa tsakanin kashi 10 cikin 100 zuwa kashi ɗaya bisa uku na darajar kyauta kan salwanta, saboda mai bayarwa bai san ainihin abin da mai karɓa yake so ba. Duk wanda aka taɓa ba shi turmin da ba ya son launinsa, ko agogon bango na uku a shekara guda, ya san inda binciken ya dosa.

Bisa wannan lissafi, tsabar kuɗi ce kyautar da ta fi kowace. Sai dai al'ada ba ta tafiya da lissafi kaɗai. Akwai mutanen da miƙa musu kuɗi a hannu ke da nauyi, kamar suruki, ko abokin ciniki da ya fi mai bayarwa wadata. Akwai kuma lokacin da mai bayarwa ke son kuɗin su tafi ga wata bukata takamaimai, domin tsabar kuɗi in ta shiga gida mai iyali da yawa ba ta kwana. Katin kyauta ya zauna ne a tsakani: mai karɓa yana da zaɓi, amma a cikin iyakar da mai bayarwa ya shata.

Inda asara ke shigowa

Hanyoyi huɗu ne kati ke rasa darajarsa a hannun mai shi.

Ta farko ita ce mantuwa. Katunan da aka jefa a aljihun tebur aka manta, da 'yan ragowar da ake bari a kan kati bayan sayayya, duk suna komawa riba ga kamfani. Kamfanin Starbucks, alal misali, yana riƙe da fiye da dala biliyan ɗaya na kuɗin da abokan ciniki suka zuba a katunansa ba su riga sun kashe ba, kuma a shekarar kuɗinsa ta 2022 ya shigar da kimanin dala miliyan 200 cikin kuɗin shigarsa daga ragowar da ya ƙaddara cewa ba za a taɓa zuwa nema ba.

Ta biyu ita ce wa'adi da cajin zaman banza. Wannan matsala ta yi ƙamari a Amurka har majalisar dokokin ƙasar ta sa baki a wata doka ta 2009, wadda ƙa'idojinta suka fara aiki a 2010. Dokar ta hana kuɗin da ke kan kati su mutu kafin shekara 5, ta kuma hana cire cajin rashin amfani sai katin ya yi wata 12 ba a taɓa shi ba. Wannan kariya ta katunan Amurka ce. A Nijeriya, abin da mai kati zai fara dogara da shi shi ne sharuɗɗan da aka rubuta masa, sa'an nan Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, wadda dokar 2018 ta kafa, idan an saɓa alkawari.

Ta uku ita ce karyewar kamfani. Lokacin da kantin littattafai na Borders ya durƙushe a Amurka a 2011, an bar katunan da darajarsu ta kai kimanin dala miliyan 210 a hannun jama'a, kuma a 2013 kotu ta yanke cewa masu katunan da ba su gabatar da buƙatarsu a kan lokaci ba, ba su da abin karɓa. A watan Janairun 2013 masu kula da kadarorin kantin HMV na Ingila suka dakatar da karɓar katunansa, ba su janye matakin ba sai da jama'a suka yi ca. Dalili kuwa shi ne, a jerin masu bin kamfanin da ya karye bashi, bankunan da ke riƙe da jingina ne a gaba, mai katin kyauta yana can baya. Shi kansa Blockbuster da ya yaɗa katin ya shiga kotun karyewar jari a 2010. Rufe kanti kuma ba labarin ƙasashen waje ne kaɗai ba, domin a watan Janairun 2024 Shoprite ya rufe reshensa na Kano. Katin kantin da reshensa mafi kusa ke wata jiha, amfaninsa ya ragu ko da kamfanin yana nan.

Ta huɗu, wadda ta fi shafar Nijeriya, ita ce hauhawar farashi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a watan Disambar 2024 farashi ya hau da kashi 34.8 cikin 100 idan aka kwatanta da Disambar 2023. Ma'ana, katin Naira 100,000 da aka ajiye tsawon wannan shekara, kayan da zai saya a ƙarshenta ba su wuce na kimanin Naira 74,000 a farashin farkonta ba. Ko da yake alƙaluman sun sauka bayan da hukumar ta sauya ma'auninta a 2025, ƙa'idar tana nan: kuɗin da ke kwance a kan kati ba sa haihuwa, farashi kuwa ba ya jira. A bari ya huce, in ji Hausawa, shi ke kawo rabon wani.

Dabarun bayarwa

Dabara ta farko ita ce a fara da bukatar mai karɓa kafin a zaɓi kati. Katin babban kantin zamani ba shi da amfani ga wanda ke zaune a garin da babu kantin, ko wanda duk cefanensa a kasuwar unguwa yake yi. Ɗan kasuwar da ke Mile 12 a Legas ko Sabo a Badun, wanda iyayensa ke Arewa, zai fi taimaka musu idan ya biya kuɗi a kantin maganin da suka saba zuwa, aka buɗe musu shafi a littafi, suna karɓar maganin hawan jini ko na ciwon sukari duk wata. Lambobi 20 na mitar wutar lantarki ma katin kyauta ne, kuma tun da an ɗaure su da lambar mita guda, babu wanda zai karkatar da su. Haka nan biyan kuɗin rajistar jarrabawar shiga jami'a ga ɗan makwabci, ko kuɗin data ga ɗalibi, ko katin shan mai ga direba, wanda darajarsa ta ƙaru a idon jama'a tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

Ta biyu ita ce a rarraba. Maimakon kati guda na Naira 120,000 ga ma'aikaci a ƙarshen shekara, ana iya ba shi na Naira 30,000 sau huɗu: farkon azumi, Babbar Sallah, lokacin komawa makaranta a watan Satumba, da kuma Disamba. Kowane kati zai faɗo daidai lokacin da aljihu ke kuka, za a kashe shi cikin mako, kuma kuɗin ba za su daɗe a hannun kanti ba. Shi ma mai bayarwa ya sami sauƙi, domin bai fitar da kuɗin a dunƙule ba.

Ta uku ita ce a haɗa ƙarfi. A wajen biki, sau da yawa amarya kan tashi da kulolin abinci goma iri ɗaya, alhali ba ta da firji. Idan ƙawaye ko abokan aiki suka tara gudummawarsu a kati guda na kantin kayan ɗaki ko na kayan lantarki, ma'auratan za su zaɓi babban abu guda da suka rasa. Wannan ya dace da suna, tarewa a sabon gida, da kuma sallamar yaron shago da ya gama koyon ciniki, wanda katin sarin kaya daga wajen dilan maigidansa zai zame masa jarin farawa.

Ta huɗu ita ce a ba katin fuska. Babban abin da ake kushe katin kyauta da shi shi ne sanyinsa, domin yana nuna adadin kuɗi ƙiri ƙiri, ba ya kuma nuna cewa an yi tunanin mutum. Maganin wannan shi ne a haɗa shi da ƙaramin abu da ke bayyana manufa: yadin shadda tare da takardar ɗinki da aka riga aka biya tela, ko jakar makaranta da katin kantin littattafai a cikinta, ko kwalin dabino tare da katin kayan azumi. 'Yar gajeruwar wasiƙa da hannun maigida, mai ambaton aikin da ma'aikaci ya yi a shekarar, takan fi adon ambulan tasiri.

Ta biyar, wadda ta fi dacewa da lokacin tsadar kaya, ita ce a rubuta katin da sunan kaya maimakon Naira. Kamfanin da ya daidaita da dilan hatsi cewa kowace takarda tana nufin buhun shinkafa mai kilo 25, ya kare ma'aikacinsa daga tashin farashi, ya kuma huta da hayar mota da wurin ajiya. Sai dai a nan haɗarin farashi ya koma kan dila, saboda haka wajibi ne a rubuta nau'in kayan, nauyinsa, wurin karɓa da ranar ƙarshe, domin kada gardama ta taso idan kasuwa ta motsa.

Ta shida ita ce taimakon mabukata. Hukumar Abinci ta Duniya ta yi amfani da katunan sayen abinci a jihar Borno, inda iyalan da rikici ya raba da gidajensu ke zaɓar abin da suke so a shagunan da aka amince da su. Tun kafin nan, a 2012, Ma'aikatar Aikin Gona ta Tarayya a ƙarƙashin Dokta Akinwumi Adesina ta riƙa tura wa manoma shaidar karɓar taki mai rangwame ta wayoyinsu. Attajirin da ke rabon kayan azumi zai iya ɗaukar darasi daga nan: takardun da ake kai wa shagunan unguwa suna kawar da dogon layi da turereniya, suna rufa wa mai karɓa asiri, kuma cinikin yana zama a hannun ƙananan 'yan kasuwa.

Akwai iyaka guda da ya kamata kamfanoni su kiyaye. Ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin Tsarin Mulkin 1999 ta hana jami'in gwamnati karɓar kyauta a kan aikin ofishinsa, kuma sauya kuɗi zuwa kati bai sauya hukuncin ba. Game da ma'aikatan kamfani kuwa, yana da kyau a tuntuɓi akanta, domin dokar haraji na iya ɗaukar wasu kyaututtuka a matsayin wani ɓangare na albashi.

Dabarun amfani

Ga wanda aka bai wa kati, ƙa'idar farko ita ce gaggawa. Ya duba wa'adin da adadin kuɗin a ranar da ya karɓa, ya kuma sa ranar zuwa kanti. Idan katin na kantin intanet ne, ya shigar da lambobin cikin asusunsa nan take, domin da zarar kuɗin sun shiga asusu, ɓatan katin ko satar lambobinsa ba za su cutar da shi ba.

Na biyu, ya sa katin ya biya abin da dā ma zai saya. Wanda ya sayi sabulu, mai da madarar wata da katin, ya mayar da shi tsabar kuɗi ke nan ba tare da ya yi asarar ko kwabo ba, tun da kuɗin cefanen sun rage a aljihunsa. Idan kantin yana da lokacin rangwame da ke tafe nan kusa, kamar na ƙarshen watan Nuwamba, jiran 'yan makonni yana da ma'ana. Jiran da ba shi da rana ne abin gudu.

Na uku, ya yi hattara da ƙari. Masu kantuna sun san cewa mai kati yakan ɗauki abin da ya fi ƙarfin katinsa ya cika da kuɗin aljihu, kuma wannan na daga cikin dalilan da suke son tsarin. Ƙara kaɗan domin a share katin tas dabara ce. Ƙara ninkin katin a kan abin da ba a yi niyya ba, kyauta ta jawo kashe kuɗi ke nan.

Na huɗu, katin da ba shi da amfani ga mai shi kada ya kwana a aljihun tebur. Ana iya bai wa wani da ke bukatarsa, ko a yi musaya da abokin aiki, ko a sayi kaya da shi a kai gidan marayu.

Kasuwar canjin kati

Ba za a kammala bayani a kan katin kyauta a Nijeriya ba tare da ambaton kasuwar canza katunan ƙasashen waje zuwa Naira ba. Kasuwar tana da tushe na halal. 'Yan Nijeriya mazauna waje, waɗanda Bankin Duniya ya ƙiyasta suna aiko da kimanin dala biliyan 20 a shekara, wasunsu kan aiko da katin Amazon ko Apple a matsayin tsaraba. A ɗaya ɓangaren, lokacin da bankuna da dama suka rage abin da katin Naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata a 2022, daga baya ma suka dakatar da shi, masu bukatar biyan kuɗin manhaja ko sayayya a intanet sun koma neman katunan kyauta. Wasu bankunan sun dawo da wannan hidima a watan Yulin 2025.

Amma akwai abubuwa uku da ɗan kasuwa ya kamata ya sani. Na ɗaya, yawancin katunan an ɗaure su da ƙasar da aka saye su: katin Apple ko Google Play na Amurka ba ya aiki a asusun wata ƙasa, kuma katin Amazon na Amurka ba ya aiki a kantin Amazon na Ingila. Na biyu, sharuɗɗan kamfanoni irin su Amazon sun hana sake sayar da katunansu, kuma suna iya soke kuɗin ko rufe asusun da suke zargi. Na uku, kuma mafi muhimmanci, katin kyauta na daga cikin hanyoyin da 'yan damfara suka fi so. Hukumar Kula da Ciniki ta Tarayyar Amurka ta karɓi rahoton asarar dala miliyan 217 ta wannan hanya a 2023. Yadda abin yake shi ne, a bugo wa mutum waya da sunan jami'in haraji, ko ma'aikacin kamfanin kwamfuta, ko masoyi, a tsorata shi ko a yaudare shi ya sayi katuna ya karanto lambobin. Daga nan sai a sayar da lambobin da rahusa a wata ƙasa. Wanda ya saya yana iya samun kansa riƙe da dukiyar zamba, abin da dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta tanadi hukunci a kansa, kuma Hukumar EFCC ke bincike a kai. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa: katin dala 100 da aka tallata da rabin kuɗinsa yana da labari a bayansa.

Mai sayarwa na gaskiya ma yana cikin haɗari, domin da zarar ya tura lambobin, mai saye na iya kwashe kuɗin ya ce katin fanko ne. Akwai kuma wata zamba da ke faruwa a kan kantar shago, inda ɓarayi ke kwafe lambobin katunan da aka rataye, su mayar da su, su jira wani ya saya ya zuba kuɗi. Wannan ta sa jihar Maryland ta Amurka ta yi doka a 2024 game da yadda za a riƙa rufe katunan. Saboda haka duk katin da aka ga alamar an taɓa murfin lambobinsa, a bar shi, kuma a riƙa haɗa wa mai karɓa da rasit. A ofis kuma, ya kamata kowane ma'aikaci ya san cewa saƙon WhatsApp da ya zo da sunan maigida yana neman a sayo katuna a turo lambobi cikin gaggawa, ba a aiki da shi sai an ji muryar maigidan.

Ga mai kantin da ke son fitar da nasa

Ba sai babban kamfani ne zai fitar da katin kyauta ba. Mai kantin atamfa, gidan abinci, shagon ɗinki ko kantin magani duk suna iya yi, kuma amfanin a bayyane yake: kuɗi na shigowa kafin kaya su fita, sabon abokin ciniki na shigowa ta hannun tsoho, kuma wanda ya dawo da kaya ana iya ba shi kati maimakon tsabar kuɗi idan ya amince.

Sai dai kuɗin kati amana ce. Ƙa'idar lissafin kuɗi ta duniya mai lamba 15, wadda ta fara aiki a 2018, ta tanadi cewa kuɗin da aka karɓa kafin a ba da kaya ana rubuta su ne a matsayin nauyi a kan kamfani, ba sa zama kuɗin shiga sai an cika alkawari. Ƙaramin ɗan kasuwa ma zai amfana da wannan tsari ko da littafinsa na hannu ne. Ya ba kowane kati lambarsa, ya rubuta wanda ya saya da ranar saye, ya rage duk abin da aka karɓa nan take, ya kuma ware kuɗin ko ya sayi kayan da za su biya su tun farashi bai tashi ba. Mai kantin da ya sayar da katunan Naira miliyan 2 kafin azumi ya zuba kuɗin a ginin gida, zai gane kurensa a makon Sallah, ranar da masu katuna suka cika shagon kanta kuwa ba kaya. Sharuɗɗa su kasance a rubuce da harshen da abokin ciniki ke ji, wa'adi ya zama mai tsawo, kuma tunatar da mai kati ta waya kafin wa'adin ya cika ya fi cin ragowarsa riba, domin wanda katinsa ya mutu a hannunsa da wuya ya sake tako shagon. Wanda kuma ke son katinsa ya yi aiki a shagunan mutane da yawa kamar kuɗi, ya shiga hurumin Babban Bankin Nijeriya, sai ya bi ta hannun banki ko kamfanin da ke da lasisi.

A taƙaice, tambayoyi uku ne ke raba katin da ya zama alheri da wanda ya zama asara. Shin mai karɓa zai iya kai wa ga kantin cikin sauƙi? Shin akwai abin da yake bukata a can a wannan watan? Shin kantin zai cika alkawari idan an je? Mai bayarwa da ya amsa waɗannan kafin ya biya, da mai karɓa da ya kashe katinsa kafin wata ya ƙare, da mai kantin da ya riƙe kuɗin a matsayin bashin da ke wuyansa, su ne ke cin moriyar wannan tsari. Sauran kuwa, kyautar da suka yi niyyar bai wa ɗan'uwa, kanti suka bai wa.